Kofin Shayin Baba

Mahaifina bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma yakan tuna mana lokaci-lokaci don kada mu manta.

Sana'arsa buga rubutu da zane a jikin riguna: na 'yan makaranta, na 'yan ƙwallo, na ma'aikatan kamfani. Shagon yana ƙasa, mu muna zaune a bene, can sama kuma akwai rufin siminti inda nake shanya. A kan rufin nan ake yin aikin da ya fi kowanne muhimmanci.

Ga yadda abin yake. Akwai wani katako mai kusurwa huɗu da aka ɗame masa yadi mai ƙananan huji, mu a shago rariya muke ce masa. Sai a shafe shi da wani koren magani a ɗaki mai duhu, a bar shi ya bushe. A ɗora baƙin zane a kansa, a danne da gilashi, a hau da shi rufi da tsakar rana. Duk inda rana ta taɓa, maganin ya sandare. Inda baƙin zanen ya kare kuwa yana nan da laushinsa, da an watsa ruwa ya wanke, zanen ya buɗe, ta nan fenti zai bi ya zauna a riga. In rana ta yi kaɗan, maganin gaba ɗaya ya bi ruwa. In ta yi yawa, ko'ina ya toshe.

To, har tsawon wane lokaci za a bar shi a rana? Baba ba ya ɗaura agogo, ya ce agogo na marasa tabbas ne. Agogonsa kofin shayi. A ajiye rariya, a zuba shayi mai zafi a wani kofin tangaran da bakinsa ya ɗan ɓalle, a zauna a sha. Da kofi ya ƙare, a ɗauke. Haka ya yi tun kafin a haife ni, kuma gaskiya bai taɓa ba shi kunya ba.

Ni kaɗai ya haifa. Mahaifiyata ta rasu ina 'yar budurwa, ƙanwarsa Gwaggo ce ta dawo gidan ta riƙe mu. Maigidana kuma a shagon ya koyi aiki, Baba da kansa ya ce bai taɓa ganin hannu irin nasa ba. Dogo yake ce masa. Da gwiwoyin Baba suka fara ƙin hawa matakala, sai ya kira Dogo gaban kowa ya miƙa masa kofin nan, kamar mai naɗa sarauta. Ranar har na yi ƙwalla. Ni burina a duniya bai wuce ɗaya ba: mutanen nan biyu su zauna lafiya a gida ɗaya, in tsufa ina jin muryoyinsu daga ƙasa suna musu a kan kalar fenti.

Unguwarmu da can bakin gari ce. Sannu a hankali aka kewaye mu. Aka kafa masana'antar narka ƙarfe a gabas, aka buɗe tashar manyan motoci a bayanmu, masu ƙona tsofaffin tayoyi suka samu fili kusa da bola. Kowane shago kuma ya ajiye janareto a ƙofarsa, kuma na fi kowa sanin wanda ya fi girma a layinmu, don Baba yakan shafa shi da tsumma kowace safiya yana yaba masa. Ni dai abin da na lura da shi, farin zani in na shanya shi fari, sai in kwashe shi ya koma kalar toka. Kuma wankin da a da kafin in gama girki ya bushe, yanzu sai la'asar ina matsa gefensa ina jin danshi. Na ɗora laifin a kan sabulu.

Sai rariya ta fara bin ruwa.

Ranar farko Dogo ya sauko da ita, ya kunna famfo, muna kallo koren magani ya sulale gaba ɗaya ya bi kwata. Baba ya dubi rariyar, ya dubi Dogo.

"Shayin ka sha ko kwankwaɗa ka yi?"

"Sha na yi, Baba."

"Da zafinsa?"

"Har harshena ya ƙone."

"To gobe ka hura kafin ka kurɓa. Mutum ya zauna ya sha shayi kamar ɗan'adam, ba kamar wanda aka biyo ba."

Washegari ya hura. Rariya ta bi ruwa. Rana ta uku Baba ya sa Gwaggo ta cika kofin har baki, wai ni ina tauye masa. Rabin zanen ya tsaya, rabi ya tafi. Aka canza ganyen shayi. Wallahi an canza ganyen shayi, ni aka aika na sayo.

Dogo mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi zai ce ka yi haƙuri. Wata rana muna cin abinci ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, ni fa ina ganin ranar ce ta rage ƙarfi."

Baba ya ajiye cokali. "Me ta yi?"

"Ta rage ƙarfi. In na hau sama sai in ga kamar an yi mata yana."

"Auta," ya juyo gare ni, "kin ji mijinki? Rana ta rage ƙarfi. Tun kakannin kakanninmu tana fitowa ba ta gaji ba, sai da aka ba Dogo kofi. Gwaggo, ko za ki dama mata kunu?"

Gwaggo ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ni ban yi ba, amma ban goyi bayan Dogo ba, don in gaya muku gaskiya ni ma a lokacin maganar ta yi mini kama da ta wanda ya rasa abin faɗa.

Baba ya ce gobe shi da kansa zai hau ya nuna wa yaro yadda ake aiki. Da yammacin ranar aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska, har rufin kwanon maƙwabta ya ɗaga. Da gari ya waye sama ta fito wankakkiya tas, shuɗiya, har ana hango dogon benen asibiti da na manta ana iya ganinsa daga gidanmu. Muka tallafi Baba, ni a dama Dogo a hagu, yana hawa yana nishi yana zagin wanda ya gina matakalar. Ya ajiye rariya, ya zauna, ya sha shayinsa cikin isa. Aka sauko aka watsa ruwa. Zane ya fito rangaɗau, ko gashi ɗaya bai kauce ba.

Bai yi faɗa ba. Ina ma ya yi. Ɗaga rariyar kawai ya yi ya kai ta dab da fuskar Dogo, ya ce, "A gaida rana da jiki."

Kwana kaɗan bayan nan hayaƙi ya dawo mazauninsa, rariya ta koma bin ruwa.

Ni ce na ja Baba zuwa wurin mai kantin fenti, inda muke sayen maganin, don ya fara cewa jabu ake sayar mana. Mai kantin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, maganin nan shi ne wanda ka sani. Ba kai kaɗai ba ne, duk masu sana'arku na wannan ɓangaren kukansu ɗaya. Hayaƙin nan da ke tsaye a kan gari yana tare hasken tun a sama, wani ya shanye, wani ya watsar, abin da ke isowa ƙasa saura ne. Kuma irin hasken da maganin yake so shi ya fi shan wahala. Ido ba ya saurin ganewa, don a hankali abin ya zo. Yawanci yanzu sun koma akwatin fitila. Ga shi can, in nuna maka?"

Baba ya leƙa akwatin kamar mai leƙa masai.

"Wato in sayi rana a kanti."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ta sama kyauta ce, amma kai kana da wata ta sayarwa, shi ya sa waccan ta lalace. Na gane. Auta, tashi mu tafi."

A hanya yana tari yana ce mini 'yan kasuwa ba su da tsoron Allah. Motar kaya ta wuce ta bule mu da baƙin hayaƙi, ya kaɗa hannu ya ci gaba da maganarsa.

Daga nan Dogo ya yi dabararsa. Ya sayi ƙaramin fulas ya ɓoye bayan tankin ruwa. In kofi ya ƙare, sai ya ƙara na biyu. Rariya ta dawo tana fitowa lafiya. Baba ya ce, "Ka gani? Da ka nutsu." Gida ya yi daɗi, har ya fara kiran Dogo su kalli ƙwallo tare. Ni na san sirrin, don bawan Allah ya koma zaryar bayi, amma na ja bakina na yi gum.

Sai aka kawo aikin wata babbar makaranta, riguna tuli, ana so kafin a dawo daga hutu. Ranar da za a yi rariyar, an kwana biyu ana iska mai ƙarfi, ga shi ranar hutun ma'aikata ce, masu narka ƙarfe ba su hura wuta ba. Dogo ya hau da sauri, kansa a ƙasa, bai ɗaga ido ya dubi sama ba. Ya sha kofinsa biyu kamar yadda ya saba. Aka watsa ruwa, aka goga, aka ƙara watsawa. Ko harafi ɗaya bai buɗe ba, rariya ta toshe ƙam. Sauran maganin da ke shagon bai isa a sake ba, kanti kuma a rufe. Makaranta ta kwashe rigunanta ta kai wani wuri.

Gwaggo, Allah ya ba ta lafiya, ita ce ta ga ya dace ta taimaka. Ta hau sama kwashe barkonon da ta shanya, ta sauko da fulas a hannu tana tambayar na wane ne.

Baba ya jujjuya fulas ɗin a hannunsa. Fuskarsa har wani haske ta yi, irin na wanda ya daɗe yana neman ɓarawo ya kama shi.

"Kofi nawa kake sha, Dogo?"

"Biyu, Baba. Amma bari in yi maka bayani."

"Na ce ɗaya, ka mai da shi biyu. Kuma kullum in na tambaye ka sai ka ce yadda na koya maka kake yi."

"Baba, da kofi biyun ne aikin yake fitowa duk kwanakin nan," na ce. "Ka tsaya ka ji mana."

"Ke ma kin sani?"

Na sunkuyar da kai. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, na gani a idonsa.

Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin shago. Dogo ya zaro ya ajiye masa a tafin hannu, ya durƙusa ya ce a yafe masa. Ni kuwa na buɗe baki na faɗi maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba, har na ce masa da a ce shi ke riƙe da rana da tuni ya kore ta ita ma. Ya ce ai ƙofa a buɗe take.

Dogo yana da wa a wani ƙaramin gari can kan tudu, tafiyar yini a mota. Can muka kwashe yaranmu muka koma. Na yi kuka a motar har mai kusa da ni ta miƙo mini ruwa, don ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufin da ba na Baba ba.

Safiyar farko da na fito tsakar gida sai na ji kamar an watsa mini barkono a ido. Haske! Na kare fuska da hannu. Yarana suka tsaya suna tsalle suna nuna ƙasa, wai inuwarsu tana da yatsu. Na duba tawa, baƙa ƙirin, gefenta kamar an yanka da almakashi. A lokacin na gane na daɗe rabona da ganin inuwata sosai, kuma ban ma san na rasa ta ba. Na shanya wanki, kafin in wanke tukwane ya bushe ƙayau.

Dogo ya yi watanni yana taya wansa sayar da kayan gini, ko maganar riguna ba ya so a yi. Ni na matsa masa. Ya haɗa rariya ɗaya da hannunsa, ya sayo magani, ya aro gilashin taga. Na ce, "Kofi nawa za ka sha?" Ya ce, "Ɗaya. Yadda aka koya mini." Ya zauna a kan bulo ya hura ya kurɓa, ya hura ya kurɓa. Da ya watsa ruwa zanen ya buɗe sarai. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, na bar shi.

Ya sake, ta fito. Ya sake, ta fito. Ba a jima ba makarantun garin suka san da shi.

Sai shawara ta zo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da na yi ta. Na ce wa Dogo ya buga riga ɗaya wadda ba a taɓa yin irinta ba, in kai wa Baba. Hannu ɗaya, magani ɗaya, kofi ɗaya, abin da ya bambanta sama ce kawai. Ko dutse ne a ƙirjin Baba ai zai gane. Dogo ya yi murna kamar ƙaramin yaro. Ya zaɓi zanen wani tsuntsu mai gashi siri-siri, ya ɓata yini guda a kansa, ya goge rigar da kansa ya naɗe a takarda. Ya raka ni tasha yana ce mini, "Ki gaishe shi sosai. Ki ce masa in yana so mu dawo, ko gobe ne."

Da motarmu ta fara gangarowa daga tudu na hango garinmu daga nesa, karo na farko a rayuwata daga waje. Wani abu ruwan ƙasa ya kife a kansa kamar murfin tukunya. Muna shiga ƙarƙashinsa haske ya dusashe, maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Mutane suna ta harkokinsu, ba wanda ya ɗaga kai.

Gwaggo ce ta tare ni a ƙofa, ta rungume ni, ta rattaba mini labari tun kafin in ajiye jaka. Bayan tafiyarmu Baba ya ɗauki wani ma'aikaci, ya kore shi. Ya ɗauki wani, shi ma ya kore shi. Yanzu ita ce ke ɗaukar zane ta kai wa mai kantin fenti ya yi musu rariya a akwatin fitilarsa, amma an hana ta faɗa wa kowa. Baba ya ce ba don komai ba ne, don amana ta ƙare a duniya.

Na same shi a shago yana gauraya fenti. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gwangwani, amma ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na ji zuciyata ta yi sanyi. Na kwance takardar na shimfiɗa rigar a kan tebur.

Ya goge hannunsa. Ya sa tabarau. Ya sunkuya yana bin gashin tsuntsun da farce, layi bayan layi, ya juya rigar ya duba bayanta, ya kai ta bakin ƙofa ya ɗaga.

"Wa ya yi wannan?"

"Dogo ne, Baba."

"A fitila?"

"A rana."

"Kofi nawa?"

"Ɗaya tak. Yadda ka koya masa. Kuma tun da ya fara, ko sau ɗaya ba ta bi ruwa ba."

Ya mayar da rigar kan tebur. Na ga ya sake shafa tsuntsun da yatsa, na ce a raina shi ke nan, an gama, har na fara tunanin ɗakin da za mu sa yara.

"Ashe ya iya," ya ce a hankali.

"Ya iya, Baba! Ai abin da nake..."

"Ashe duk tsawon lokacin nan ya iya. Yana cin abincina, yana kwana a gidana, yana zubar mini da magani a kwata da gangan, don in durƙushe ya buɗe nasa. Kuma bai ishe shi ba, sai da ya aiko ki da shaida ki nuna mini." Ya naɗe rigar da kyau, don ko a fushi ba ya wulaƙanta aiki, ya tura mini. "Ki gaya masa ko gawata ban yarda ya ɗauka ba."

Kaina ya yi zafi. Na kama hannun rigarsa na ja shi har tsakiyar titi, abin da ban taɓa yi ba. Tsakar rana ce. Na nuna sama ina ihu, masu shaguna suna leƙowa.

"Baba, don girman Allah ka duba! Ka dube ta da idonka!"

Ya cire tabarau ya ɗaga kai. Rana tana can daidai saman kanmu, fara fat, zagayayya. Ya zuba mata ido ya yi ta kallo, ya kalli tsakiyarta, ya kalli gefenta, a natse, yadda ya duba rigar. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ga ta nan," ya ce. "Me ya same ta?"

Ya mayar da tabaransa, ya koma shago, ya ja ƙofa. Idonsa a bushe ya shiga. Nawa ne suke ta zuba, ina tsaye a titi da riga a hannu, ina tunanin abin da zan gaya wa mutumin da zai zo tarbata a tasha.